Jika arba'in da bakwai

Cikin hutun damanan nan, wata Laraba bayan la'asar, ina ƙofar gida ina fifita gawayin shayi sai ga wata yarinya ta yi sallama. Sai da ta durƙusa ta ce "Mushe, ina wuni" sannan na gane ta. Shekara biyu na koyar da ita tarihi da labarin ƙasa a lise, tana cikin ƴan bencin gaba masu jefo tambayar da ba ta cikin darasi. Yanzu ta gama shekara ta biyu a sashen tarihi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Jami'armu ta nan Maraɗi, Ɗan Dikko Ɗankulodo, ƙarfinta na wajen noma da kimiyya da likitanci, shi ya sa ɗan garin nan da tarihi ya shiga ransa kan kama hanyar Damagaram ko ta Yamai.

Da muka gama gaisuwa ta miƙo mini salularta. Wani shafi ne na sashen tarihi na wata jami'ar Amurka, ta sa na'ura ta juya mata shi zuwa Faransanci. An jero kuɗaɗen da ɗalibin digirin farko zai iya nema: wannan na wanda zai kwashe hutu a ɗakin adana tsoffin takardu, wancan na wanda ya samu sitaj, wato koyon aiki, a gidan tarihi amma ba a biyansa, wani kuma lada ne ga wanda kundinsa ya fi na kowa. Kowane ɗaya da sunan wani mutum a kansa.

Ta ce, "Mushe, mu ma muna iya nema?"

Na karanta har ƙasa, shayin ya kusa ƙonewa. Na ce mata a'a, wannan tuwon na ƴan gida ne. Sai kana rajista a wannan jami'ar, a wannan sashen, sannan ake duba takardarka. Haka galibinsu suke. Har manyan da sunansu ya zagaya duniya, irin Mellon Mays da aka fara a 1988, ɗaliban jami'o'in da ke cikin shirin kawai ke shiga. Na ga fuskarta ta faɗi, sai na zuba mata shayi na ce ta gyara zama, don maganar ba ta ƙare a nan ba.

Sunayen nan da ke kan kuɗin su suka tsaya mini a rai. A can, wanda ya yi karatu a jami'a ya fita ya yi arziki kan dawo ya aje dukiya da sunan mahaifinsa ko malaminsa. Ba a taɓa uwar kuɗin, abin da ta haifa ake rabawa kowace shekara. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san wannan, hubusi ne, waƙafi. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhazan garin nan sun gina masallatai har ba a iya ƙirga su, sun haƙa rijiyoyi, sun kai mutane Makka, Allah Ya saka musu. Ni dai a iya zamana ban taɓa haɗuwa da ɗalibin da ya ce mini shagon wane ne a babbar kasuwa aka tsaida hayarsa don masu binciken tarihin Katsinar Maraɗi ba. Ba rowa ba ce, a ganina. Babu wanda ya je ya same su da maganar ta hanyar da ɗan kasuwa ke ganewa. Na san haka don ni ma sai da na sha kunya kafin na koya.

A 2014 ina shekara ta uku a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Malaminmu ya ɗora wa kowa ƙaramin aikin bincike, ya ce a kawo take. Ni da zafin kai na rubuta: tarihin Maraɗi tun daga Ɗan Kasawa har samun mulkin kai. Wato tun lokacin da sarakunan Katsina da jihadi ya fitar daga birninsu suka kafu a nan wajen 1819, da yaƙe-yaƙen Ɗan Baskore, da zaman Gobirawa a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke a 1836, da zuwan Faransawa, da gyaɗa, duka a shafi talatin. Malam ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Kai da wa za ku yi?" Ya ce in je in dawo da abin da mutum ɗaya mai ƙafa biyu zai gama cikin hutu ɗaya.

Na dawo da ambaliyar 1945. Duk ɗan Maraɗi ya san tsohon gari a ƙasa yake, cikin fadamar Gulbi, ruwa ya ci shi a wannan shekarar, hukumar Faransawa ta tashe mutane zuwa tudun da muke a yau. Unguwannin suka hau da sunayensu, Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Limanci, Maradawa, Ɗan Gulbi. Tambayata ƙarama ce: yaya aka raba filaye a sabon gari, wa ya samu kusa da fada, wa aka tura baya, kuma me mutane ke tunawa da hawan. Wanda yake da shekara goma a lokacin ya doshi tamanin a 2014. Malam ya ce wannan ya yi, amma in yi sauri.

Saura kuɗi. Ina da burs ta ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai kuɗin karatu, kuma na gode Allah, don da yawa cikin abokaina taimakon nan na waɗanda ba su samu burs ba kawai suke karɓa. Amma burs kuɗin tikitin abinci ce da sabulu da fotokopin darasi, ba a yanke ta don tafiyar bincike ba. Sai na buga wa kawuna waya, ƙanen mahaifiyata, mai sayen wake da aya yana lodi zuwa Najeriya. Na yi masa dogon bayani a kan muhimmancin tarihi ga al'umma. Ya saurara har kiredina ya kusa ƙarewa, sannan ya ce, "To, mi za a saya?"

Na ce bincike za a yi.

Ya ce, "Na ji. Shi binciken, nawa ne buhu?"

Na kashe waya ina jin haushi. Kwana biyu ina cewa a raina mutumin da bai shiga lakkwal ba ina zai gane. Daga baya na lura tambayar da ya yi mini ita ce dai wadda kowace gidauniya a duniya ke yi, sai dai su da dogon Turanci. Na ɗauki takarda na rubuta, kuma har yau tana cikin wani tsohon kayena. Kar, wato motar bas, daga Yamai zuwa Maraɗi da komawa, jika 22 (jika ɗaya sefa dubu ce). Kabu-kabu cikin gari da zuwa Tsibiri, jika 6. Goro da sukari da sabulu na gaishe da tsofaffi, jika 8. Fotokopi da buga aikin da ɗinke shi, jika 7. Katin salula na ɗaukar murya da kiredi, jika 4. Duka jika 47. A ƙasa na sa sunayen unguwanni huɗu da adadin mutanen da nake so in gani a kowace, da ranar da zan kawo masa aikin a hannu.

Da na iso gida na kai masa a runfarsa. Yaronsa ya karanta masa yana jan carbi. Ya tsaya a kan goro da sukari ya ce wannan daidai ne, ba a zuwa wurin manya hannu rabbana. Ya tsaya a kan kabu-kabu ya ce ƙafata ba ta karye ba. Ya ƙirgo jika 30. Sannan ya yi abin da ya fi kuɗin: ya aiki yaro ya kira wani dattijo mai dillancin buhuna, ya ce masa, "Wanga ɗan ƙanwata ne, kai shi wurin tsohuwarku." (Yayarsa ce uwar tawa, amma kawu bai taɓa yarda da haka a bainar jama'a ba.) Sauran jika 17, gwaggota ta ba ni 7 daga kwasar adashinta, 10 kuma na samo su da aikin ankit na kwana huɗu, ina bin gidaje da takardar tambayoyin wani porje a kan rijiyoyi.

Tsohuwar nan ta Bagalam ita ce aikin nawa gaba ɗaya. Ranar farko ba ta ce mini komai ba sai tambayar ɗan wa ne ni, jikan wa, har ta gano kakata ta wajen uba, ta ce ai tare suka yi tallar fura. Rana ta biyu na kunna salula. Ba ta san shekarar da lissafin Nasara ba, ta ce dai lokacin ta isa goyon ƙanenta amma ba ta isa daka ba. Ta tuna rumbuna suna zubewa, ta tuna jakuna da kayan ɗaki a kai, ta tuna yadda manya suka yi ta gunaguni don a tudu ruwa na nesa, alhali a ƙasa ka tona kaɗan ka sha. Ta ce da suka ga hanyoyin sabon gari miƙe kamar an ja da igiya, uwarta ta ce wannan ba gari ba ne, bariki ne. Sa'a uku da rabi na ɗauka cikin zuwa biyar. Shekara biyu bayan nan Allah Ya yi mata rasuwa. Jikokinta sun zo neman muryar, na tura musu, an ce ranar sadakar arba'in sai da aka kunna a cikin gida.

Na tsawaita a nan don ɗalibata ta ga girman kuɗin da ake magana. Ita tana hangen dalar Amurka dubu-dubu, alhali abin da ya tsaya tsakaninta da aikinta na farko bai kai kuɗin ragon layya ba.

Sai maganar sitaj, wadda ta fi damunta. A Yamai wuraren da ɗalibin tarihi zai so ya shiga sanannu ne. Akwai ma'ajiyar takardun ƙasa, inda rahotannin kwamandoji na zamanin mulkin mallaka suke. Akwai IRSH, cibiyar binciken jami'a wadda tushenta IFAN ce ta zamanin Faransawa, da sashenta na rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, dubbai, waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa. Akwai CELHTO da aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, yanzu tana ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Akwai gidan tarihin ƙasa da aka buɗe a 1959, mai ɗauke da sunan Bubu Hama. A Damagaram kuma, inda take, ga fadar sarki ga tsohon birni, garin da ya riƙe hedkwatar mulkin mallaka har 1926. Gaskiyar da na faɗa mata ita ce sitaj a ƙasar nan, in ka samu, ka ɗauka ba biya. Abin da za ka fita da shi takardar shaida ce mai hatimi, da iya riƙe tsohuwar takarda ba ka yaga ta ba, da fuskarka a idon mutanen da wata rana za a tambaye su "wa kuka sani?"

Hanyar shiga kuwa ba ta canza ba: takardar nema da rubutun hannu, da tambur, da wasiƙar shugaban sashe. Wasiƙar nan kada a raina ta. Ni na taɓa kai takardata wani ofis da ba zan kama sunansa ba, babu wasiƙar kowa, na yi sati uku ina sintiri ana ce mini mai sa hannu ya tafi misiyo. Ranar da malamina ya rubuta layi huɗu ya buga hatimi, a ranar aka nuna mini kujera. Ban ce daidai ne ba. Haka dai na tarar.

Kuma ba dole sai Yamai ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu na garin nan kullum suna neman abin cika fili, ɗalibin da ya zo da shirin minti ashirin a kan tarihin wata unguwa, da muryoyin tsofaffi a shirye, da wuya a kore shi. Ma'aikatun magajin gari na karkara na da tulin rajistoci da gara ke ci, ba mai jera su. Aikin ankit na porje-porje shi ne ma ya fi kawo kuɗi a hannu, kuma ɗan tarihi ya fi kowa dacewa da shi don an koya masa zama gaban mutum ya yi shiru. Wanda ya iya wannan, cibiyoyin bincike irin LASDEL ta Yamai, da ke aiki da masu tattara bayanai a ƙauyuka, ba za su yi masa nisa ba. Aibinsa ɗaya: kuɗin ankit na da daɗi, na san waɗanda suka shiga don su tara na bincike, yau shekara goma suna cikin mota mai tambarin porje, binciken na nan cikin akwati.

Daga nan ta ce to su manyan kuɗin na waje fa, duka ƙarya ne? Na ce ba ƙarya ba ne, lokacinsu ne bai yi ba. Na lissafa mata waɗanda na sani. CODESRIA da ke Dakar tun 1973 ta daɗe tana ba da ƙaramin tallafin rubuta kundi, amma ga masu master da dokta a jami'o'in Afirka. Cibiyar WARC, ita ma a Dakar, tana da tallafin tafiya ga ƴan Afirka ta Yamma masu son zuwa bincike wata ƙasa ta yankin, shi ma daga masu karatun gaba da lisans ake farawa. Gidauniyar Gerda Henkel ta Jamus, wadda tarihi ne babban abin da ta sa gaba, tana ɗaukar nauyin masu dokta a wasu jami'o'in nahiyar kamar Makerere ta Uganda. Duka a saman bene suke, ita kuwa tana matakalar farko. Abin da ya kamata ta sani shi ne ranar da za ta cika takardunsu, tambayar farko ita ce me ka taɓa yi. Mai shafi talatin a kan unguwa ɗaya, da muryoyi a aje, da malamin da ya karanta zai iya shaida, ya sha gaban mai maki goma sha shida bisa ashirin da bai taɓa fita daga aji ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai guda ɗaya da na fi so ta sa wa ido, ko da ba ita za ta nema ba. Babban ɗakin karatun Birtaniya na da shirin ceto tsoffin takardun da ke cikin haɗari, tun 2004, da kuɗin gidauniyar Arcadia. Ba a kwashe takardun a fita da su, hotonsu ake ɗauka, a bar kwafi a ƙasar, a sa wani a intanet kowa ya gani kyauta. A Jenne ta Mali an yi wannan aiki shekara da shekaru a kan littattafan gidajen malamai. Mai bincike ne ke nema tare da cibiyar da za ta riƙe kuɗin, amma hannun da ke juya shafi yana danna kamara yana rubuta bayanin kowane littafi, hannun matasa ne, kuma a kan biya su. Ku duba gidajen malaman Limanci, da na Tsibiri, da na Tasawa, da na kewayen Madarumfa, ku ƙiyasta gafakar da ke rataye a ɗakunan da ke yoyo. Ɗalibin lisans ba zai samu wannan kuɗi da sunansa ba. Amma zai iya zama wanda ya je ya ƙirga, ya rubuta gida kaza na da littafi kaza, mai gidan ya yarda a ɗauki hoto, ya kai wa malaminsa. Malamin da aka kawo wa irin wannan takarda ba zai manta da wanda ya kawo ta ba ranar da kuɗi suka fito.

Burs ta fita waje wani zance ne daban, don ita karatu take biya ba bincike ba. Ta Maroko da ta Aljeriya ta hannun hukuma suke biyowa. Ta Turkiyya kai ke nema da kanka a intanet, ana buɗewa a watan Janairu zuwa Fabrairu, kuma tana ɗaukar ƴan tarihi. Ƙofar Faransa, wadda malamanmu suka bi suka je Aix-en-Provence karanta takardun mulkin mallaka, ta ƙuntata tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ofishin jakadancinsu ma an rufe shi a farkon 2024. Wannan ya sa na ce mata ta dage da Ingilishi, ba don Amurka ba, don Katsina. Tafiyar kilomita casa'in ce ko kusa, ka bi Ɗan Isa ka faɗa Jibiya. Rabin labarinmu na can. Yusufu Bala Usman da ya rubuta tarihin Katsina sai da ya tsallako nan ya zauna da tsofaffinmu. Takardun lardin Katsina na zamanin Ingilishi suna ma'ajiyar Kaduna, ga Arewa House da Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a garin. Ɗan Maraɗi mai Hausa a baki, da Faransanci a alƙalami, da Ingilishin karatu, da ɗan ajami, yana riƙe da abin da masu bincike na Turai ke kashe shekaru suna nema. Mu ne ba mu san farashinsa ba.

Wani abu kuma, kuɗin da ba ka kashe ba shi ma samu ne. A zamanina sai da na biya fotokopin littafi sukutum. Yau rahoton tawagar Tilho, wadda ta shata iyaka tsakanin mallakar Faransa da ta Ingila a nan yankin daga 1906 zuwa 1909, wanda a cikinsa tafintansu Landeroin ya rubuta jerin sarakunan Maraɗi da Gobir daga bakin mutanen lokacin, ana samunsa a intanet. Cikin ɗakunan karatu na intanet, Gallica kyauta ce, Persée kyauta ce, JSTOR na barin mai rajista ya karanta maƙaloli masu yawa kowane wata ba ko dala. Jika ɗaya ta intanet da dare, in aka san abin da ake nema, ta fi tafiya Yamai a makance.

Gargaɗi ɗaya na yi mata da kakkausar murya. Duk burs ɗin da ta zo ta WhatsApp, da tutar wata ƙasa da hoton jirgi, aka ce a tura jika biyar na buɗe dosiye, ɓarayi ne. Mai ba da tallafi na gaskiya ba ya karɓar kuɗinka kafin ya ba ka nasa. Wani ɗan unguwarmu ya sayar da akuyar uwarsa a kan irin wannan, har yau in aka ce Kanada sai ya tashi daga majalisa.

Magariba ta gabato, na tambaye ta ita me take so ta bincika. Ta ce tawagar sojan Faransa ta Voulet da Chanoine ta 1899, tun daga Lugu da Birnin Ƙonni har Ɗankori inda aka harbe Kanar Klobb, da Maijirgi inda kaburburan su biyun suke. Na ji muryar malamina ta fito daga bakina: ke da wa za ku yi? Ta yi dariya. Muka yi ta yanka. Na ce ko dai ta tsaya a Maijirgi kaɗai, ta ji abin da jikokin jikoki ke faɗi, ko ta duba kusa da ita. Ta yi shiru, can ta ce kakarta ta yi shekara arba'in tana matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma kullum tana zancen lokacin da ake tara buhunan gyaɗa kamar duwatsu, zamanin SONARA, kamfanin sayen gyaɗa, da yadda farin shekarun 1970 ya karya komai. An rubuta labarin alhazan da gyaɗa ta yi wa arziki, Emmanuel Grégoire ya yi littafi guda a kansu a 1986. Matan da ke cikin gida suna suya da matsa, su wa ya tambaye su nawa suke sayen tiya, wa ke ba su bashi, ina suka koma da gyaɗar ta ɓace? Na ce mata ta samu.

A nan ƙofar gida muka yi lissafin, da fitilar salula don an ɗauke wuta. Tunda a gida za ta yi, ba kuɗin kar. Mata takwas, zuwa uku-uku. Sabulu da sukari, adaidaita, katin ɗaukar murya, bugawa da ɗinki, da kwafi ɗaya na kowace tsohuwa ko da ba ta karatu, don a ga an dawo. Ya tashi jika 26. Na ce ta rubuta shi da Hausa a shafi ɗaya, ta rubuta wani da Faransanci ta kai wa malaminta ya gani tun kafin a koma, ya san da zancen. Na Hausar ta kai wa wanda take ganin zai saurara. Ta ce akwai aminin babanta mai injin matsar mai a hanyar Ɗan Isa. Na ce ta je da mahaifinta, kada ta yi masa wa'azin muhimmancin tarihi, ta ce masa labarin sana'arsa za a rubuta, kuma za a sa sunansa a shafin godiya in ya yarda. Na ɗauko mata tsohuwar na'urar ɗaukar murya da na saya lokacin sarbis sibik, na ce aro ne, da batir biyu a ciki.

Shekaranjiya ta turo mini saƙon murya. Alhajin ya ba da jika 15, ya ce sauran sai ya ga rabin aikin, kuma ya haɗa ta da yayarsa da ta fi kakarta daɗewa a sana'ar. Cikin mata takwas ɗin ɗaya ta tafi Dakoro wurin ɗanta, ɗaya ta ce ba ta magana da na'ura a gabanta sai dai a rubuta. Ta riga ta zauna da biyu. Tana tambaya yaya za ta rubuta ƙuli-ƙuli da tunkuza da Faransanci, don ta duba ƙamus ba ta gani ba. Na ce ta bar su yadda suke, ta yi bayani a ƙasan shafi. Ta ce Litinin ba za ta samu kowa ba, ranar kasuwa ce, sai Talata da hantsi za ta koma.